Leak Stereo 20: da zarar na taɓa bolum sai sauti ya yi yawa, ina matsalar take?

Ma'abocin Faifai ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san tsofaffin amfilifayoyi masu bawul (kwalaben gilashin da ke ƙara wa sigina ƙarfi) a kan wani al'amari da ya hana ni jin daɗin wadda nake da ita. Amfilifayar ita ce Leak Stereo 20, ƙirar Ingila, mai bawul EL84 guda huɗu, ECC83 guda uku da GZ34 guda ɗaya, kuma an riga an sauya mata tsofaffin kafasitocinta kafin ta zo hannuna. Tun da ba ta da bolum a jikinta, sai na haɗa ta da firiyam, wato akwatin bolum da zaɓen mashiga da ake sawa kafin babbar amfilifaya, na zamani mai taransista, wanda takardarsa ta nuna yana ƙara wa sigina desibel 12, sannan na jona na'urar CD da garmaho a bayansa.

Abin da ke faruwa shi ne, da zarar na ɗan murɗa bolum daga inda yake a rufe, sai sauti ya cika ɗaki, ta yadda tsakanin shiru da ƙarar da kunne ba zai jure ba babu tazarar da ta wuce faɗin farce. A wannan ɗan ƙaramin wuri da nake iya saurare kuwa, sifikar hagu ta fi ta dama ƙara, sai na ƙara murɗawa kafin su daidaita, a lokacin kuma sautin ya riga ya yi yawa. Bayan haka akwai wani huci da ke fitowa daga sifikokin ko da babu faifai a ciki, kuma hucin ba ya raguwa idan na mayar da bolum ƙasa, amma yana kusan ɓacewa idan na cire wayoyin firiyam na toshe mashigar amfilifayar.

An ba ni shawara in cire ECC83 ta farko in sa ECC82 a gurbinta, wai hakan zai rage yawan ninkin da amfilifayar take yi wa sigina. Ban yi ba tukuna, domin ina so in fahimci tushen matsalar kafin in taɓa komai. Shin amfilifayar ce ta lalace, ko kuwa haɗin da na yi ne bai dace ba? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Injiniya ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Daga bayanin da ka yi, ban ga alamar lalacewa a amfilifayarka ba, tana aiki ne daidai da yadda aka tsara ta a 1958, kuma abin da ya sauya shi ne ƙarfin siginar da na'urorin yau suke fitarwa.

Kowace babbar amfilifaya tana da adadin siginar da take buƙata a mashigarta kafin ta fitar da iyakar ƙarfinta. A wajen Stereo 20 wannan adadi milibolt 125 ne, wato kashi ɗaya cikin takwas na bolt ɗaya, kuma da shi take ba da wat 10 a kowane ɓangare. Idan muka yi lissafi, wat 10 a kan sifika mai om 8 yana nufin kusan bolt 8.9 a mafita, kuma idan aka raba 8.9 da 0.125 za a samu kimanin 71, ma'ana amfilifayar tana ninka sigina sau 71, wanda ya yi daidai da desibel 37. Wannan ninki ne mai yawa ƙwarai ko a tsakanin takwarorinta na wancan zamani. Quad II, wadda ita ma ƙirar Ingila ce, tana buƙatar bolt 1.4 kafin ta ba da wat 15, yayin da Dynaco Stereo 70 ta Amurka, wadda ta fito a 1959, take buƙatar bolt 1.3 domin wat 35, ninkinta ke nan bai wuce desibel 22 ba. Kamfanin Leak ya zaɓi wannan tsari ne saboda firiyam ɗinsa, irin su Point One da Varislope, an yi su ne su fitar da ƙaramar sigina, su bar wa babbar amfilifaya ragowar aikin, har wutar da suke aiki da ita ma daga jikinta suke ja. Idan aka haɗa su tare babu wanda zai yi kuka da bolum.

Yanzu dubi abin da ka jona mata. Tun fitowar na'urar CD a 1982, abin da aka saba shi ne ta fitar da bolt 2 idan faifai ya kai ƙololuwarsa, wato ninkin abin da amfilifayarka take buƙata har sau 16, ko desibel 24. Firiyam ɗinka kuma ya sake ninka wannan sau huɗu, ya zama bolt 8, wanda ya ninka milibolt 125 sau 64. Ke nan akwai rarar desibel 36 da dole bolum ya zubar kafin ma a sauko zuwa iyakar ƙarfin amfilifayar, kuma tun da mai saurare a ɗaki ba kasafai yake wuce wat ɗaya ba, sai a ƙara wasu desibel 10 a kai. Kana tilasta wa bolum ya yi aiki a wajen desibel 46 ƙasa da ƙarshensa, kamar mai son cika ƙaramin kofi daga famfon da ruwansa ke zuwa da ƙarfin gaske, ba shi da zaɓi sai ya buɗe shi kaɗan ƙwarai.

Daga nan ne rashin daidaiton hagu da dama ya samo asali. Bolum na sitiriyo layuka biyu ne na kabon a kan sanda ɗaya, kuma ba a iya yin su daidai wa daida, musamman a farkon layin, inda ɗan bambanci kaɗan a turjiya yake zama desibel biyu ko uku a kunne. A tsakiyar zagayen wannan bambanci yakan ragu sosai, shi ya sa ka ga suna daidaita idan ka ƙara murɗawa.

Hucin ma ka riga ka gano tushensa da kanka ba tare da ka sani ba. A yawancin firiyam, bolum yana gaba ne, sannan sashen da ke ninka sigina ya biyo baya, saboda haka hayaniyar da wannan sashe yake haifarwa ba ta bi ta cikin bolum, tana fita kai tsaye ko an rufe shi. Amfilifayar da ninkinta desibel 22 ne za ta bar wannan hayaniya ƙasa da abin da kunne zai ji, amma taka tana ƙara mata wasu desibel 15 a kan haka, kuma idan sifikokinka masu saurin amsawa ne, abin zai fi fitowa fili.

Maganin da nake ba da shawara shi ne a rage siginar a bakin mashigar amfilifayar, bayan firiyam, da razista biyu a kowane ɓangare. Ana sa mai om 47,000 a jere da wayar sigina, sannan mai om 4,700 daga ƙarshenta zuwa wayar ƙasa, wato earth. Wannan yana barin kashi ɗaya cikin 11 na siginar ya wuce, ragin kusan desibel 21 ke nan, kuma amfilifayar za ta koma buƙatar kimanin bolt 1.4, daidai da Quad II. Hucin firiyam zai ragu da wannan adadi, bolum zai samu fili ya yi aiki a tsakiyar zagayensa, kuma ba a taɓa komai a cikin amfilifayar ba, domin razistocin suna iya shiga cikin kan fulogin waya. Akwai ma irin waɗannan fulogi da ake sayarwa a haɗe, masu ragin desibel 10 ko 20. Ka lura cewa wannan bai rage ƙarfin amfilifayar ko da wat ɗaya ba, adadin siginar da ake buƙata kafin a kai ga wannan ƙarfin ne kawai ya ƙaru.

Mai Gyaran Rediyo ya amsa:

Ranka ya daɗe Injiniya, lissafinka babu abin cewa a kansa, amma ina da ra'ayi dabam game da maganin. A ganina bai kamata a ninka sigina sau huɗu a firiyam, sannan a zo a rage ta sau 11 da razista, sannan amfilifaya ta sake ninka ta sau 71 ba, alhali kowane sashe da sigina ta ratsa yana barin nasa tabon a kanta. Amfilifayar da milibolt 125 ya ishe ta ba ta buƙatar firiyam mai ninki ko kaɗan. Abin da take buƙata shi ne akwati mai maɓallin zaɓen mashiga da bolum mai kyau, wanda ba ya amfani da wuta, mai turjiyar om 10,000 ko 20,000. Da wannan an kawar da desibel 12 na firiyam, an kuma kawar da hucinsa gaba ɗaya, maimakon a rage shi kawai. Idan aka samu bolum mai matakai, wanda kowane matakinsa razista ce tsayayya, matsalar hagu da dama ma ta ƙare, domin daidaitonsa iri ɗaya ne daga farko har ƙarshe.

Batun sauya bawul kuwa, Malam, ina roƙonka kada ka yi. Gaskiya ne cewa ECC83 tana da ninki har 100 a ƙa'ida, ECC82 kuma ba ta kai 20 ba, kuma ƙafafunsu iri ɗaya ne, za ta shiga soket ɗin ta kuma yi sauti. Sai dai wannan amfilifaya tana ɗebo wani kaso na siginar mafita daga taransifoma ta mayar da shi sashen farko a juye, kuma wannan mayarwa ce take ƙayyade yawancin ninkin da ake gani daga waje, ita ce kuma take danne gurɓacewar sauti. Idan ka sa bawul mai ƙaramin ninki, abin da zai fi raguwa shi ne ƙarfin wannan mayarwa, saboda haka ragin da za ka samu ba zai kai yadda kake zato ba, gurɓacewa za ta ƙaru, riƙon da amfilifayar take yi wa sifika a sauti mai kauri zai yi sako-sako. Ga shi kuma ECC82 tana son wuta fiye da ECC83, razistocin da ke kewaye da soket ɗin ba don ita aka zaɓe su ba. Harold Leak, wanda ya kafa kamfanin Leak, ya yi suna ne tun 1945 da amfilifayar da gurɓacewarta ba ta wuce kashi 0.1 cikin ɗari ba, kuma abin takaici ne a zubar da wannan saboda matsalar da ke wajen akwatin.

Haka nan ban goyi bayan masu sauya razistar mayarwa domin a ƙara yawanta a rage ninki ba. Taransifomar mafita tana jinkirta sigina a can sama da abin da kunne ke ji, kuma idan mayarwa ta wuce kima amfilifaya takan shiga kaɗawa da kanta, kaɗawar da ba za ka ji ba sai dai ka ga bawul sun yi zafi fiye da kima ko ƙaramar sifika ta ƙone. Wannan aiki ne na wanda yake da na'urar ganin sigina kuma ya san abin da yake nema.

Ma'abocin Faifai ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Injiniya da Malam Mai Gyara, hankalina ya kwanta da jin cewa amfilifayar lafiyarta ƙalau, kuma na ajiye batun ECC82. Sai dai sashen garmaho a cikin firiyam ɗin yake, saboda haka idan na cire shi dole in nemi wani dabam, wannan ya sa na fi karkata ga razistocin. Tambayata ita ce, idan na rage desibel 21, shin garmaho zai ci gaba da kai amfilifayar iyakarta, tun da sautinsa ya fi na CD rauni? Allurata irin mai maganaɗisu mai motsi ce. Sannan na'urar CD ɗin tana da bolum na dijital a rimot, shin ba zai wadatar in rage daga can ba, in huta da haɗa komai?

Malama Mai Kimiyya ta amsa:

Malam, zan amsa ɓangaren bolum na dijital, in bar wa Injiniya lissafin garmaho. Ragewa daga rimot zai ba bolum ɗin firiyam fili, zai kuma gyara rashin daidaiton hagu da dama, amma ba zai taɓa hucin ba, domin hucin a bayan na'urar CD ake haifarsa. Kuma ragin yana da farashi a ingancin sauti, saboda kowane desibel 6 da aka rage a lissafin dijital daidai yake da bit ɗaya, ragin desibel 24 ke nan bit huɗu ne daga cikin 16 da faifan CD yake ɗauke da su. Na'urorin da suke lissafi da bit 24 ko 32 ba sa zubar da bayanan, amma hayaniyar sashen mafitarsu tana nan yadda take yayin da kiɗan ya yi ƙasa, tsofaffin na'urori kuwa wasunsu yanke bayanan suke yi. Abin da ya fi damuna shi ne wasu na'urori suna komawa cikakken ƙarfi idan an kashe an kunna, kuma ranar da hakan ta faru bolum ɗin firiyam yana sama, sifikokinka ne za su ɗauki nauyin. Ragi na desibel kaɗan daga rimot babu laifi, amma kada ya zama shi ne ginshiƙin maganin.

Ina kuma so in ƙara bayani a kan girman razistocin, domin wani zai iya ganin cewa om 470,000 da 47,000 ma kashi ɗaya cikin 11 suke bayarwa, ya ɗauka duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Waya mai rufi tana da ɗabi'ar kafasita, kimanin fikofarad 100 a kowace mita, bawul ɗin farko ma yana da tasa, kuma wannan tana haɗuwa da turjiyar mai ragewa ta danne sauti mai kaifi. Da ƙimar da Injiniya ya bayar, turjiyar da waya take gani kusan om 4,300 ce, kuma ko da jimillar ta kai fikofarad 300 dannewar ba ta kai desibel 3 ba sai sama da 120 kHz, nesa da kunne. Da manyan razistocin kuwa wannan iyaka tana saukowa zuwa wajen 12 kHz, inda kowa zai ji kiɗan ya dushe. Saboda haka a ajiye su a ƙarshen wayar da ke shiga amfilifaya, a kuma yi amfani da irin masu fatar ƙarfe waɗanda ƙimarsu ba ta kaucewa fiye da kashi ɗaya cikin ɗari, domin ɓangarorin biyu su zo daidai.

Shawarar Malam Mai Gyara tana da kyau ga na'urorin da mafitarsu taransista ce, amma wanda mafarin sautinsa mai bawul ne ya yi hattara da bolum mai om 10,000. Idan kafasitar mafita maikurofarad 0.47 ce, sauti mai kauri zai ragu da desibel 3 a wajen 34 Hz, alhali da om 50,000 wannan iyaka tana ƙasa da 7 Hz.

Tsohon Injiniya ya sake amsawa:

Malama ta yi bayani mai gamsarwa, kuma na yarda da Malam Mai Gyara cewa ga wanda CD kaɗai yake saurare, hanyarsa ta fi tawa tsabta. Amma tun da garmaho yana cikin lissafi, ga yadda abin yake. Allura mai maganaɗisu mai motsi takan fitar da kimanin milibolt 5, sashen garmaho kuma yakan ninka wannan sau 100, wato desibel 40, ya zama rabin bolt. Firiyam ɗinka zai ninka shi sau huɗu ya kai bolt 2, wanda ya wuce bolt 1.4 da amfilifayar za ta buƙata bayan an sa razistocin, kuma wuraren da kiɗa ya yi ƙarfi a faifai suna wuce milibolt 5 ɗin nesa ba kusa ba. Garmaho zai kai ta iyakarta, sai dai za ka murɗa bolum sama da inda kake tsayawa a CD, wannan kuwa ba aibi ba ne. Idan ka ga ragin ya yi maka yawa, maye gurbin razistar om 4,700 da mai om 10,000, ragin zai dawo kusan desibel 15. Abin da ba zai yiwu ba shi ne haɗa hanyoyin biyu, wato bolum marar wuta tare da ragin desibel 21, domin a nan rabin bolt na garmaho ba zai isa ba.

Kafin ka haɗa komai, ina so ka tabbatar cewa rashin daidaiton daga bolum yake, domin razistocin kabon na wancan zamani sukan ƙaru a ƙima idan sun tsufa, kuma idan razistar hanyar mayarwa ta kauce a ɓangare ɗaya, ninkin ɓangarorin biyu zai bambanta. Gwaji mafi sauƙi shi ne ka musanya wayoyin hagu da dama a mashigar amfilifayar. Idan ƙarar ta koma ɗaya sifikar, laifin firiyam ne, idan kuwa ta tsaya a inda take, sai a duba amfilifayar ko sifikokin. Ka kuma duba cewa ɓangarorin biyu suna kan mahaɗar om iri ɗaya a taransifoma, domin tsakanin om 4 da om 8 akwai bambancin desibel 3.

Idan kana da mitar awon wuta kana son adadi, jona razista mai om 8 wadda za ta iya ɗaukar wat 25 a gurbin kowace sifika, ka saka sauti tsayayye na 400 Hz ta waya ɗaya da aka raba biyu zuwa mashigai biyun, ka ɗaga shi har mafita ɗaya ta nuna bolt 2.83, wato wat ɗaya. A lokacin siginar mashiga za ta kasance wajen milibolt 40, ɗaya mafitar kuma bai kamata ta bambanta da fiye da kashi 10 cikin ɗari ba. Na ce 400 Hz ne saboda mitoci masu araha ba sa auna daidai idan sauti ya yi sama sosai. Kada ka kunna amfilifayar da sigina alhali babu sifika ko razista a mafitarta, domin hakan yana iya huda rufin wayoyin taransifomar mafita, ita ce kuwa abu mafi wuyar samu a jikinta. Ka kashe ta kafin ka cire ko ka jona kowace waya, kuma duk waɗannan gwaje-gwaje daga waje ake yinsu. Idan awon ya nuna sai an buɗe ƙasanta, ka sani cewa a ciki akwai wutar da ta haura bolt 300, wadda kafasitoci suke iya riƙewa bayan an zare fulogi, saboda haka wannan mataki ka bar wa mai gyaran da ya saba da bawul, ka kai masa adadin da ka auna a ɓangarorin biyu domin ya san razistocin da zai fara dubawa.